Daga Antaliya zuwa Ercan kilomita 310 ne, amma kada ka raba tikitinka

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Saifurus ta Arewa, ka duba taswira ka ga tsakanin filin jirgin Antaliya a Turkiyya da Ercan, filin jirgin Saifurus ta Arewa, kusa ne, kana tambaya ko za ka iya yanka tikiti biyu don rage kuɗi, ko ma ka sauka a filin jirgin Lanaka da ke kudancin tsibirin Saifurus ka shigo ta mota.

Lissafinka daidai ne. Antaliya zuwa Ercan wajen kilomita 310 ne a sama, bai kai awa guda ba. Istanbul zuwa Ercan kuwa kusan 800, awa ɗaya da rabi. Sai dai ba nisa ne zai ba ka wahala ba.

Maganar Lanaka ka cire ta daga ranka. Tsibirin ya rabu gida biyu tun 1974, kuma Turkiyya kaɗai ta amince da Arewa a matsayin ƙasa. Shi ya sa duk jirgin da zai sauka Ercan sai ya taso daga Turkiyya. Lanaka tana ɓangaren Kudu. Tsakaninta da Ercan bai kai kilomita 40 ba, amma takardar makarantarka ba ta da amfani a wurin jami'ansu. Ba tare da bizar Kudu ba, ko jirgin ba za a bar ka ka hau ba.

Inda ɗalibai suka fi ƙonewa shi ne Istanbul. Filayen jirgi biyu ne a birnin: babban, wanda jirgin Turkish Airlines daga Abuja ko Legas ke sauka, da Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya, inda Pegasus da sauran masu araha suka fi tashi. Tsakaninsu tafiyar mota ce ta kimanin kilomita 80, ga cunkoso. Idan tikitinka na biyu daga can yake, dole a buga maka hatimin shiga Turkiyya, ka ɗebi kayanka, ka tsallaka birnin. Wanda ba shi da bizar Turkiyya nan zai tsaya da jakar hannunsa, yana kallon allo, jirginsa na tashi a wani filin. Haka ma bi ta Antaliya, domin daga Istanbul zuwa can tafiyar cikin gida ce, sai an shiga ƙasar.

Don haka ka yanki tikiti guda daga Abuja har Ercan, a ƙarƙashin lamba ɗaya. Idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai sa ka a na gaba; idan ka raba, kuɗinka sun bi ruwa. Wajen awon kaya a Abuja ka duba takardar da aka liƙa wa jakarka, ka tabbata ECN, wato alamar filin Ercan, aka rubuta. Kaya ma abin dubawa ne: tikitin araha kilo kaɗan yake bayarwa, kilishi da yaji da garin kunun da Hajiya ta cusa maka kuwa sai sun cinye rarar da kake hange.

Ka bar aƙalla awa 3 tsakanin jiragen biyu, filin Istanbul yana da girma ƙwarai. Kafin ka biya ko kwabo, ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar su aiko maka sharuɗɗan biza na wannan zangon a rubuce, ka kuma ba su ranar saukarka su turo mota. In ba su turo ba, akwai bas daga Ercan zuwa garuruwan Lefkosha da Girne da Magusa. Ka riƙe 'yan lirar Turkiyya a aljihu, da ita ake ciniki a nan.

Allah ya kawo ka lafiya.