Amsa: Aikin sa-kai a gonakin gahawa na Habasha

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hutun jami'ar Ngaoundéré ta ƙasar Kamaru zai dace da aikin sa-kai a ƙauyukan manoman gahawa na Habasha. A yankin Jimma ana tsinkar gahawa ne daga Oktoba zuwa wajen Janairu, don haka wanda ya je a Agusta, lokacin hutun, damina zai tarar, aikinsa ya tsaya ga cire ciyawa da kula da dashe. Lokacin tsinka jajayen 'ya'ya kaɗai ake cira da hannu, a shanya su bisa gadaje masu tsawo, ana juyawa har su bushe. Ka tanadi rigar sanyi, domin ƙasar tudu ce, daren can da sanyi, ba irin na garin Garoua mai zafi ba ne. Ka kuma koyi gaisuwa da harshen Oromo tun kafin ka tashi.