Amsa: Ƙananan dodon koɗi na cikin ruɓaɓɓen ganye

Malam, ka tambaya ko ƙananan dodon koɗin da ka tsinto ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a kurmi 'ya'yan manya ne. Da yawansu jinsinsu daban ne, iyakar girmansu ke nan, milimita 2 zuwa 5. Ka ɗora ɗaya kan baƙar takarda, tsinin katantanwar yana sama, bakinta yana kallonka, ka duba da gilashin da ke ƙara girma sau 10. Ƙirga zagayen katantanwar, sannan ka lura da leɓen bakin.

In leɓen ya yi kauri ya lanƙwasa waje, ya gama girma. 'Yan Gulella, wani rukuni na ƙananan dodon koɗi, har wasu 'yan tsinaye kamar haƙora za ka gani cikin bakin katantanwarsu, kuma da su ake rarrabe su. Amma kada ka yi saurin sa wa mai siririn leɓe suna. Na taɓa raba jinsi ɗaya gida biyu, ashe rabinsu ba su ƙosa ba.