Dillali ya riƙe min kuɗi, in tona masa asiri a WhatsApp?

Malam, ka ce wani dillali a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya riƙe maka kuɗin tumatir, kana son fallasa shi a zauren 'yan kasuwa.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, amma ɓata suna na iya kai ka kotu. Faɗi abin da kake da hujjarsa kawai: kwando nawa, yaushe aka sauke, nawa ya rage. Kada fushi ya sa ka rubuta "ɓarawo". Magana zarar bunu ce, kafin ka goge wani ya ɗauki hotonta. Na taɓa yi a Agege, sai da na ba da haƙuri gaban jama'a.

Fara kai kuka wajen shugabannin kasuwa. In dillalin ya ƙi biya, je ka ga lauya kafin ka wallafa komai.