Amsa: neman haihuwa bayan an ɗaure wa miji bututun maniyyi

'Yar'uwa, kin ce maigidanki ya yi aikin ɗaure bututun maniyyi shekara tara da suka wuce, kuma wani ya ba ku shawarar karɓar maniyyin wani namiji. Wallahi zancenki ya taɓa min zuciya.

Wannan shawarar ku ajiye ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta ta a zamanta na Amman a 1986 saboda cakuɗa nasaba, dokar Saudiyya ma ta hana.

Amma ai aikin bai hana 'ya'yan marainansa yin maniyyi ba, hanya kawai aka toshe. Ana iya sake haɗa bututun, sai dai nasara tana raguwa da daɗewar shekaru. Ko kuma likita ya zuƙo ƙwayoyin maniyyin da siririyar allura, a sa guda ɗaya cikin ƙwanki, a mayar mahaifarki. Larabawa na ce masa "haƙanul mijhari". Ƙawata a nan Jidda ta haka ta samu 'yarta, a gwaji na biyu, bayan kuka mai yawa.

Ku je tare, a duba ƙwanki ke ma, domin shekarunki ne za su nuna hanyar da ta fi. Ku tanadi kuɗi, da tsada. Allah Ya ba ku masu albarka.