Ƙanina, ƙafar Gwaggo ce za ta zaɓa muku unguwa a Landan

Ƙanina, saƙonka ya iso tun daren Laraba. Na ƙi amsawa nan take ne saboda raina ya ɗan sosu. Ka ce kana shirin zuwa digiri na biyu baɗi, kuma kafin nan kana so ka kawo Gwaggo da maiɗakinka da yara uku ku yi mako biyu a Landan cikin watan Agusta. Sai ka haɗo da hoton wani gida mai farin fenti da labule mai kyau, wai mai shi ya rubuta minti 20 ne zuwa tsakiyar gari, kana tambayata ko ka biya. Kada ka biya. Kai ne mutum na huɗu a bana da ya turo min irin wannan hoto, kuma a cikinku babu wanda ya tambayi hawa na nawa ɗakin yake.

Ita tafiyar ba ni da ja a kanta. Tun Janairun 2024 doka ta hana ɗalibin digiri na biyu zuwa da iyali, sai dai in karatun nasa na bincike ne ko gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Kenan in ka samu gurbin, kai kaɗai za ka zauna, gara su zo su ga inda za ka kasance. Amma ka saurare ni a kan maganar unguwa, don na riga ka barci.

A shekarata ta uku a nan na kawo Baba, Allah ya jiƙansa. Wata bakwai ina aikin dare a wani wurin ajiye kaya, ina tara kuɗin nan, ban roƙi kowa ba. Na kama wani gida ta intanet saboda araha da kyan hoto. Muna isa sai ga tsohon gini, hawa na uku, ba lifta, matakalar kuma siririya tana murɗawa, ko akwati ba ya wucewa sai an karkata shi. Na ƙirga, taki 54. Har yau ina ganin Baba ya dafa ƙarfen gefe, ya tsaya a kowane hawa yana mayar da numfashi, yana ce min in wuce gaba kada in jira shi. A rana ta huɗu ya ce, "Ku je ku dawo, ni yau zan huta." Hutun nan shi ke nan. Cikin kwana 12 da ya yi, tara a bakin taga ya yi su yana kallon motoci. Na kira mai gidan, ya ce ai ban tambaya ba, kuma ko kwabo bai mayar min ba. Allah bai ba ni damar sake kawo Baba ba. Shi ya sa da na ga hotonka na tuna gwiwar Gwaggo, wadda ko salla a zaune take yi, raina ya ƙi kwanciya.

Minti 20 ɗin da ya rubuta maka lissafin saurayi ne mai jaka ɗaya, kuma daga tasha zuwa tasha. Bai sa tafiyar ƙafa daga ƙofar gida ba, bai sa canjin jirgi ba, bai sa yaro ya ce zai zaga ba. Ku da kuke shida, da keken jariri da tsohuwa, ka ninka shi biyu ka ƙara.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan tun 1863 aka fara shi, lokacin da babu mai tunanin keken jariri ko na marasa lafiya. Tashoshi 272 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai za ka iya shiga ba tare da taka matakala ba. Kada ma jin an ce akwai lifta ya ruɗe ka. Tashar Covent Garden tana da lifta, amma bayan ka fito daga ciki akwai sauran matakala kafin ka kai ga jirgi, in kuma ka bi ta ƙafa taki 193 ne. Ka sauke taswirar jiragen a wayarka ka duba alamar keken marasa lafiya a jikin sunan tasha. Shuɗiya tana nufin daga titi har cikin jirgi babu matakala. Fara kuwa daga titi zuwa bakin jirgi ne kawai, za a iya samun tazara ko tudu wajen shiga. Tashar da ba ta da alama ko ɗaya, ka cire unguwarta daga lissafinka komai kyanta.

Da ni ne, a kan layin Elizabeth zan nemi masauki. A watan Mayun 2022 aka buɗe shi, tashoshinsa 41 duk ana kaiwa bakin jirgi ba matakala, taragonsa da faɗi da na'urar sanyaya ɗaki, kuma yana tasowa daga filin jirgin Heathrow. Wajen rabin awa ya kai ku Paddington. Daga Paddington kuma Hyde Park tafiyar ƙafa ce, yara su yi ta gudu a ciyawa, Gwaggo ta samu benci a inuwa. Sai dai yawancin otal-otal ɗin yankin tsofaffin gidaje ne aka mayar, don haka ka tambaya a rubuce: akwai lifta, kuma tana kaiwa hawan da ɗakinmu yake? In sun amsa da kwana-kwana, ka bar su.

Ni kaina Stratford ta fi kwanta min a rai, a gabashin gari. Don gasar Olympics ta 2012 aka sake gina yankin, saboda haka gine-ginen sababbi ne, hanyoyin ƙafa shimfiɗaɗɗu, ga filin wasannin an mayar da shi wurin shaƙatawa mai wuraren wasan yara. Layin Elizabeth da na Jubilee da na ƙaramin jirgin da ake kira DLR duk suna tsayawa a can. Ƙasa da minti 20 kun sauka Tottenham Court Road, daga nan babban gidan tarihi na British Museum ɗan taku ne, shiga kuma kyauta. Na san za ka ce ba a tsakiyar gari yake ba. Ni dai na kai surukata can bara, kullum sai ta fita, ba ranar da ta ce ƙafarta ta hana ta. Abin da na kasa yi wa Baba kenan, kuma sai da na shekara goma ina koyon garin nan kafin na iya.

South Kensington za ta ja hankalinka, don a nan gidan tarihin halittu yake, mai ƙasusuwan ƙatuwar dabbar teku da ake kira whale rataye a zaure, da gidan tarihin kimiyya, duka kyauta. Ku je, yaran ba za su manta ba. Amma tasharta matakala ce, ku tafi a bas. Duk bas ɗin Landan ƙofarsa ƙasa-ƙasa take, keke yana shiga, sai dai gurbin guda ne, in mai keken marasa lafiya ya zo dole ku naɗe na jariri. Tun 2014 ba sa karɓar tsabar kuɗi, kowane babba sai da katinsa na biyan kuɗi, mutum biyu ba sa amfani da kati ɗaya. Yara ƴan ƙasa da shekara 11 ba sa biya in suna tare da babba.

Soho da Leicester Square da Shoreditch, ka manta da su. Wuraren hirar dare ne, hayaniya har ƙarfe uku, ba inda za a kwantar da jariri ba. In ka ga an rubuta lower ground a tallar gida, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, da matakala a waje da ƙarancin haske. Filayen jirgin Stansted da Luton suna ɗauke da sunan Landan amma a wajen gari suke, kada arahar tikiti ta sauke ku can da tsakar dare. Sannan ka duba kwanakinku: Lahadi da Litinin na ƙarshen Agusta ake bikin titi na Notting Hill, ana rufe hanyoyi da wasu tashoshi a yammacin gari, cunkoson yana taɓa har kusa da Paddington. Kuma kada ka ɗauka Ingila kullum sanyi. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40, gidaje galibi ba su da na'urar sanyaya ɗaki, tsofaffin layukan da ke can ƙasa kamar Central kuwa gumi kawai ake yi. Ka tabbata tagar ɗakin tana buɗewa. Inshorar lafiya ta tafiya ma ka yi wa Gwaggo, domin sashen gaggawa na asibiti yana duba kowa kyauta, amma da zarar an kwantar da baƙo, biya zai yi, kuma fiye da ainihin kuɗin aikin.

Ba ka faɗa ba, amma na ji a maganarka kana jiran in ce ku sauka gidana. Ɗaki biyu gare ni, mu biyar a ciki, hawa na biyu, ba lifta. Shekarar da ta wuce na ce wa wani ɗan'uwa haka, har yau ba ya amsa gaisuwata, ya yaɗa cewa na zama Bature na daina zumunci. Abin ya ci min rai, don shi bai san da wuyar da na sha kafin in samu wannan ɗan wurin ba. Ba zan sa Gwaggo ta hau abin da na san ba za ta iya ba don a ce na kyauta.

Ka turo min ranar saukarku da ta komawa. Ka tambayi Gwaggo taki nawa take iya hawa ba ta tsaya ba, ka gaya min gaskiyar abin da ta ce. Ka zaɓo gida uku a kan layin da na faɗa maka, ranar Asabar zan je da kaina, in tako daga tasha zuwa ƙofar kowanne da agogo a hannuna, in tabbatar liftar tana aiki. Kafin nan kada ka tura wa kowa kuɗi. Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce mata ni zan tarye ku a Heathrow in Allah ya yarda.