Kwana 60 bayan sallama daga aiki: me "whichever is shorter" ke nufi?

Wani ɗan'uwa mai aiki a Amurka da bizar H-1B (bizar aiki ta ƙwararrun ma'aikata) ya rubuto cewa kamfaninsu ya sallame shi, abokansa kuma sun kwantar masa da hankali cewa yana da kwana 60 na ci gaba da zama a ƙasar. Sai dai a takardar da aka ba shi ya ga an rubuta "whichever is shorter", alhali saura kwana 25 wa'adin I-94 ɗinsa, wato takardar da ke nuna ranar ƙarewar izinin zamansa a Amurka, ya ƙare.

Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Kwanakinka 25 ne, ba 60 ba, kuma ina roƙonka kada ka sake dogara da lissafin abokai a kan wannan.

"Shorter" daga "short" ta fito, wato gajere, kuma ɗafa mata "-er" shi ke nuna ana gwada abu biyu, kamar yadda muke cewa wannan ya fi wancan gajarta. A dokar da ta fara aiki a 2017, abubuwan da ake gwadawa su ne kwana 60 a jere da kuma ragowar wa'adin zamanka, duk wanda ya riga ƙarewa shi ne naka. Ranar da ke kan I-94 ita ce abin dubawa, ba wadda ke kan bizar da aka manna a fasfo ba, domin mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Ba ka da izinin aiki a cikin waɗannan kwanaki. Idan wani kamfani ya shigar maka da takardar I-129, wato takardar neman izinin ɗaukarka aiki, kafin wa'adin ya cika, kana iya fara masa aiki. Idan hakan bai samu ba, lauyan shige da fice zai duba yiwuwar sauya maka matsayi zuwa B-2, wato na mai ziyara. Wanda ya zarce kwana 180 yana zaune a Amurka ba bisa ƙa'ida ba sannan ya fita, ana hana shi dawowa shekara 3, idan kuwa ya kai shekara guda, hanin shekara 10 ne. Tunda kamfanin ne suka sallame ka, kuɗin jirgin komawarka gida yana wuyansu, ka tambaye su a rubuce.

Su Baba da Inna kuwa, ka sanar da su tun yanzu cewa kuɗin da kake aikowa zai ragu na ɗan lokaci, kada su ci bashi da sa ran aikenka.