Teburin epoksi ya tsage: zubi ɗaya ya fi riba ko hawa-hawa?

Tambaya: Kafinta ne ni, kwanan nan na fara yin teburan da ake zuba epoksi tsakanin falankai biyu. An ba ni aikin tebur mai kaurin santimita 4. Na sayi epoksin shafen sama saboda ya fi araha, na juye shi duka lokaci guda. Kafin awa guda ya ɗau zafi har da hayaƙi, ya yi rawaya, washegari na tarar ya tsage. Yanzu in sayi na zubi mai zurfi duk da tsadarsa, ko in ci gaba da mai arahar ina zubawa hawa-hawa?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ka ba laifin mai sayarwa ba ne, ba kuma jabu aka ba ka ba. Ka sa kaya aikin da ba nasa ba.

Epoksi ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Ruwa biyu ne ake gaurayawa: idan ka haɗa rezin, wato ainihin ruwan epoksin, da mahaɗinsa mai sa shi daskarewa, haɗuwar tasu da kanta take haifar da zafi, zafin kuma yana ƙara wa daskarewar sauri, saurin ya ƙara zafi. In shimfiɗar siririya ce, zafin yana fita ta sama ya bi iska. In ta yi kauri, zafin tsakiya ba shi da hanyar fita, sai ya dafa kansa. Daga nan rawaya, kumfa, hayaƙi da tsagewa suke zuwa. Shi ya sa ake yin iri biyu. Na shafen sama, wanda galibi ake haɗawa kashi ɗaya da ɗaya, yana daskarewa da wuri, kuma masu yinsa sukan ƙayyade milimita 3 zuwa 6 a zubi guda. Na zubi mai zurfi, wanda galibi kashi biyu da ɗaya ne, an yi shi ya daskare a hankali, yana ɗaukar kusan santimita 5 a zubi guda, amma yakan kwana biyu zuwa uku ko fiye kafin a cire shi daga mazubi, wato akwatin da ake zuba shi a ciki. Kai ka zuba milimita 40 na abin da iyakarsa 6. Ko da yaushe ka duba takardar da ke jikin galan, domin kowane kamfani da nasa ƙa'idar.

To, mu koma kan kuɗi, tunda shi ka tambaya. Kuskuren da na fi gani wurin masu wannan sana'a shi ne kwatanta farashin lita da farashin lita. Wannan lissafin bai cika ba. Fara da sanin lita nawa teburin zai sha. Lita ɗaya tana rufe murabba'in mita ɗaya a kaurin milimita ɗaya. Ko kuma ka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000. A ce ramin da ke tsakanin falankanka tsawonsa 180, faɗinsa 25, zurfinsa 4: lita 18 ke nan. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda abin da katako zai sha, da wanda zai maƙale a bokiti, da wanda za ka goge wajen daidaitawa. Ka kusa lita 20. Ko wane iri ka saya, litocin nan ba za su ragu ba.

Bambancin yana wajen aiki. Da mai arahar, milimita 40 a kan 6 hawa bakwai ne. Sau bakwai za ka auna, sau bakwai za ka gauraya, sau bakwai za ka bi kumfa da na'urar hura zafi, sau bakwai za ka rufe don ƙura. Kowane hawa sai ka jira shi ya kama, wato ya yi danƙo kamar bayan salatif amma bai maƙale wa safar hannunka ba, sannan ka zuba na gaba. A wannan lokacin ne hawan biyu suke haɗewa su zama abu guda. In barci ya ɗauke ka ko wani aiki ya janye ka har ya daskare sarai, sai ka bi samansa da samfefa, ka share ƙurar tas, in ba haka ba sabon hawan ba zai kama ba. In kuma akwai laima a iska, wani maiƙo-maiƙo yakan fito a saman hawan da ya daskare, sai an wanke shi da ruwa an bar shi ya bushe kafin a goge. Bayan duk wannan wahala, idan epoksin garau ne ko launinsa mai haske, mai saye zai tsuguna ya kalli gefen tebur ya ga layi-layi. Launi ma sai ka auna shi daidai sau bakwai, kuskure ɗaya ya isa ya nuna. Araha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kam ta tabbata.

Saboda haka ga tebur mai santimita 4, ra'ayina ka sayi na zubi mai zurfi. Mai arahar kada ka yar da shi, yana da gurbinsa: shafen farko siriri a kan katako don toshe ƙofofinsa kada iska ta riƙa fitowa tana yin kumfa cikin babban zubi, da shafen ƙarshe mai sheƙi a sama, da ƙananan kaya irin su faranti da ɗan faifan ɗora kofi.

Sai dai shi ma mai zurfin ba a sakar masa jiki. Adadin da aka rubuta a galan an gwada shi ne a ɗaki mai zafin digiri 21 zuwa 24 a ma'aunin Salsiyas ko makamancin haka. Duk ƙarin digiri 10, lokacin aikinka yana raguwa kusan rabi. In shagonka yana da zafi, raba santimita 4 ɗin gida biyu, ka zuba da yamma lokacin da gari ke sanyaya, ka kunna fanka tana kaɗa gefe da ƙasan mazubin. Kuma yawan abin ma yana da tasiri, ba kaurin kaɗai ba. Lita 18 a wuri guda ta fi lita 2 riƙe zafi ko da zurfinsu ɗaya. Don haka kada ka bar gaurayayyen epoksi yana zaune cikin bokiti, nan ne ya fi saurin ɗaukar zafi.

Akwai wata hanyar tsimin da ba ta taɓa ingancin aiki: rage ramin. A misalinmu, santimita 1 da ka rage a zurfi lita 4 da rabi ce ta koma aljihunka. Matso da falankan da santimita 5, ka tsira da sama da lita 3 da rabi. Tun wajen zane ake yin wannan, tare da mai aikin, kafin a yanke farashi. Ni da zan ba ka shawara, kada ka sake yanke farashin tebur sai ka auna ramin da kanka.

Sannan ka sa kwanaki cikin lissafi. Mazubin da tebur ya kwana uku a ciki ba ya karɓar wani aiki, kuma bayan cirewa epoksin yana bukatar kamar mako guda kafin ya yi ƙarfin da zai jure gogewa da amfani. Kada ka yi wa mutum alkawarin kwana biyar. Karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin epoksin gaba ɗaya, domin shi ne kayan da in ya lalace ba ya narkewa a sake zubawa. Duk sabon galan da ba ka saba da shi ba, gwada shi a ƙaramin mazubi mai zurfin aikin, ka rubuta zafin ɗaki da awannin da ya ɗauka. Safar hannu da iska mai ratsa shago kuwa ba ado ba ne, wanda fatarsa ta fara ƙin epoksi da wuya ta sake yarda da shi.

Teburin da ya tsage kuma, kada ka yi ƙoƙarin cike tsagar ka miƙa wa mai shi, rawayar ba za ta ɓoyu ba. Yanke epoksin da zarto, ka ceto falankan, ka goge bakinsu har sabon katako ya fito. Kira mai aikin yau, ka faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ka ba shi sabuwar rana da ta haɗa da kwana goma na zubi da daskarewa.